FINAFINAN SADAUKAN ZANE DA DUKIYAR DA SUKA TARA: WA YA SHUKA, WA YA GIRBE?



Muna gode wa Allah Maɗaukakin Sarki da Ya tara mu a wannan majalisi, muna kuma salati da sallama ga Manzon tsira, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu sauraro, maudu'in da aka ɗora mana yau zai zo wa waɗansunku a matsayin baƙo, domin ba irin wanda aka saba ji daga wannan kujera ba ne. An nemi mu yi bayani a kan finafinan nan na Amurka waɗanda aka gina a kan sadaukan littattafan zane, irin su Superman da Batman da Spider-Man, da kuma dukiyar da suka tara a gidajen silima na duniya. La'alla wani ya ce, ina ruwan biri da gada? To, ya duba jakar makarantar ɗansa, ko rigar da aka saya wa autan gidan a sallar da ta wuce. Da wuya ya rasa hoton gizo-gizo ko na jemage a jiki. Abin da ya shigo har tsakar gida ya wuce a ce ba a san shi ba, kuma malamanmu na usulu sun karantar da mu cewa ba a yanke wa abu hukunci sai bayan an fahimci haƙiƙaninsa.

Littafin zane, ga wanda bai san shi ba, 'yar mujalla ce da ake ba da labari a cikinta da hotunan da aka zana da hannu, gida-gida, ana rubuta maganar kowane mutum kusa da bakinsa. Sadaukin da muke nufi kuwa shi ne wanda aka ƙaga masa ƙarfin da ya fita daga al'adar ɗan Adam, kamar tashi sama ko ɗaga jirgin ƙasa, ko kuma aka ba shi dukiya da na'urorin da suka tsaya masa a madadin wannan ƙarfi. Abin da muke son mu tabbatar a wannan zama abu ɗaya ne: dukiyar wannan sana'a tana bin wanda ya riƙe takardar mallakar sadaukin, kuma shi mai takardar yana lanƙwasa labarin zuwa ga duk inda cinikinsa ya fi kauri. Wanda ya riƙe wannan zai fahimci sauran lissafin.

Dala ɗari da talatin

A shekarar 1938 waɗansu samari biyu a birnin Cleveland na Amurka, Jerry Siegel marubuci da Joe Shuster mai zane, kowannensu ɗan shekara 23, 'ya'yan baƙin da suka yi ƙaura daga Turai, suka sayar wa wani kamfanin ɗab'i labari mai shafi 13. Sunan sadaukin labarin Superman. An biya su dala 130, watau dala goma kowane shafi, kuma a cikin wannan kuɗi har da haƙƙin mallakar sadaukin ɗungurungum. Labarin ya fito a fitowar farko ta mujallar Action Comics, ana sayar da ita santi goma, kashi ɗaya cikin goma na dala ke nan. Kafin a je ko'ina Superman ya shiga rediyo, ya shiga jaridu, ya hau kan kayan wasan yara. A 1947 samarin suka kai ƙara kotu suna neman a mayar musu da abinsu. Ba su samu ba. Bal ma kamfanin ya sallame su daga aiki, ya kuma cire sunansu daga mujallar. Shuster idonsa ya yi rauni, ya koma aikin kai saƙo. Siegel ya ƙare a ƙaramin akawu. Sai a 1975, lokacin da ake shirin fim ɗin Superman mai tsada, 'yan jarida suka tono halin da tsofaffin nan biyu suke ciki, kamfanin Warner ya ji kunyar duniya, ya yanka wa kowannensu dala dubu 20 a shekara har ƙarshen rayuwa, ya mayar da sunansu. Fim ɗin ya fito a 1978, ya tara kimanin dala miliyan 300.

Ku saurari wannan ƙarin. Takardar cekin nan ta dala 130, ita kanta takardar, an yi gwanjonta a 2012 a kan dala dubu 160. Kwafi ɗaya na waccan mujallar ta santi goma kuma an saye shi dala miliyan 6 a 2024. Bahaushe ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada a ɗauka wannan tsautsayi ne da ya faɗa wa mutum biyu kawai. Batman ya fito a 1939, kuma Bill Finger, wanda ya tsara mafi yawan siffarsa da labarinsa, ya mutu a 1974 cikin ƙuncin rayuwa; sai a 2015 aka fara rubuta sunansa a matsayin wanda aka ƙagi sadaukin tare da shi. A ɗaya babban kamfanin, watau Marvel, tsakanin 1961 da 1966 Stan Lee da masu zane biyu, Jack Kirby da Steve Ditko, suka fito da kusan duk sunayen da ake kwasar biliyoyi da su daga baya: Spider-Man da Hulk da Thor a 1962, Iron Man da X-Men da Avengers a 1963, Black Panther a 1966. Masu zanen da shafi ake biyansu. A dokar Amurka, abin da mutum ya ƙaga a ƙarƙashin ijara na wanda ya ɗauke shi aiki ne, tamkar shi mai kamfanin ne ya rubuta da hannunsa. Kirby ya mutu a 1994, magadansa suka yi ta shari'a da Marvel, ba a sasanta ba sai a 2014, ana saura kwanaki kaɗan Kotun Ƙolin Amurka ta duba ko za ta saurari ƙarar. A nan muna ganin adalci ne mu ce waɗannan mutane ba yaudararsu aka yi da takardar jabu ba. Sun sa hannu idonsu biyu. Illa dai sun sayar da abin da ba su san darajarsa ba, a lokacin da yunwa ba ta bar musu damar jira ba.

Daga karyewa zuwa biliyoyi

Da yawa daga cikin yaran da suka san Marvel ta hanyar finafinai ba su san cewa kamfanin ya taɓa karyewa ba. Wani attajiri mai suna Ronald Perelman ya saye shi a 1989 a kan dala miliyan 82 da rabi, ya yi ta cin bashi da sunansa yana sayen waɗansu kamfanonin. A daidai wannan lokaci jama'a suka ji labarin tsofaffin mujallu suna tsada, sai suka rinƙa sayen sababbi suna ɓoyewa cikin leda da fatan wata rana su yi arziki. Kamfanoni suka ga banza ta faɗi. A 1991 an buga wata fitowar X-Men da bango iri biyar, domin mai tarawa ya sayi abu ɗaya sau biyar, aka sayar da kwafi sama da miliyan 8. Abin da masu ɓoyon suka manta shi ne, mujallar 1938 ta yi tsada ne domin kimanin kwafi ɗari kawai aka ƙiyasta sun saura a duniya. Abin da aka buga miliyan takwas kuwa, kowa ya adana nasa, wa zai sayar wa wa? Da mutane suka farga kasuwa ta rushe, shagunan mujallu suka yi ta rufewa, a Disamba 1996 Marvel ya shigar da takardar karyewa a kotu.

Domin ya tsira, kamfanin ya dogara da sayar wa manyan kamfanonin Holiwud izinin yin fim da sadaukansa. X-Men ya tafi hannun Fox, Spider-Man ya tafi hannun Sony a 1999. Fim ɗin X-Men na 2000 ya tara kusan dala miliyan 300. Na Spider-Man na 2002 shi ne fim na farko a tarihi da ya haye dala miliyan 100 a kwana ukun farko a Amurka, ya kuma ƙare da sama da miliyan 800 a duniya. Kason da ya kai ga Marvel a cikin wannan ɗan kaɗan ne. Watau abin da ya yi wa masu zanensa, shi ne Holiwud ta yi masa.

Amma shi kamfani ya ɗauki darasi. A 2005 ya ƙulla yarjejeniyar rancen dala miliyan 525 da bankin Merrill Lynch domin ya yi finafinansa da kansa. Bashi ne mai ruwa, hukuncinsa kuma sananne ne a wurinku, ba shi ne mas'alarmu yau ba. Abin lura shi ne jinginar. Ba gida aka jinginar ba, ba gona ba, ba ma'aikata ba. An jinginar da haƙƙin yin fim da sunaye goma, a cikinsu har da Captain America da Black Panther da Doctor Strange, a kan cewa in an kasa biya banki ya riƙe su. Banki mai lissafin ƙwandala ya karɓi mutanen da babu su sai a takarda a matsayin jinginar rabin biliyan. Wanda yake ganin labari ba dukiya ba ne, ya tsaya a kan wannan nuƙuɗa ya yi tunani.

Fim na farko da kamfanin ya yi da kansa shi ne Iron Man a 2008. An kashe masa kimanin dala miliyan 140, ya dawo da miliyan 585. Amma abin da ya canja sana'ar gaba ɗaya bai kai minti ɗaya ba, kuma ya zo ne bayan fim ya ƙare, an gama jera sunayen ma'aikata: wani mutum ya bayyana ya shaida wa Iron Man cewa ba shi kaɗai ne sadauki a duniya ba, akwai shirin haɗa su runduna guda. Daga nan kowane fim ya zama ƙofar na gaba. Wanda ya kalli na Thor dole ya nemi na Captain America, domin in bai gani ba ba zai gane haɗuwarsu ba. Dabarar tsohuwa ce, mu da muka tashi da labaran Dare Dubu da Ɗaya mun san ta: mai ba da labari takan yanke shi daidai inda ya fi daɗi, domin sarki ya bar ta da rai zuwa gobe. Bambancin kawai, a nan mai sauraro ne yake biyan kuɗin tikiti a kowane dare. Mutumin da ya riƙe zaren wannan saƙa shekara da shekaru shi ne Kevin Feige, shugaban sashen finafinan kamfanin.

A 2009 Disney ya sayi Marvel a kan kimanin dala biliyan 4, waɗansu masu sharhi a lokacin suna cewa ya yi wauta. A 2012 fim ɗin The Avengers, wanda ya tara sadaukan wuri ɗaya, ya kawo sama da biliyan ɗaya da rabi. A 2018 aka fito da Infinity War, aka ƙare shi da nasarar mugu: rabin halittu sun zama toka, ciki har da sadaukan da yara suke ƙauna. Aka bar duniya shekara guda tana jira. Da Endgame ya fito a Afrilu 2019, shi ne na 22 a wannan jeri, ya tara dala biliyan 1.2 a kwana biyar na farko, ya ƙare da kusan biliyan 2.8. A 2024 jimlar cinikin tikitin wannan jeri ta haye dala biliyan 30. Jim Starlin, wanda ya ƙagi Thanos, mugun da aka gina waɗannan finafinai biyu a kansa, ya taɓa faɗa a fili cewa abin da abokin hamayyar Marvel ya biya shi saboda wani ƙaramin mugu da ya ɗan gifta a fim ɗaya ya fi abin da ya samu daga Thanos a lokacin. Jaridar Guardian ta Ingila ta ruwaito a 2021 cewa abin da aka saba aika wa marubuci in an yi fim da labarinsa shi ne dala dubu 5 da katin gayyata zuwa bikin buɗewa. Ɗan wasan da ya fito a Iron Man kuwa, Robert Downey Jr., mujallar Forbes ta ƙiyasta ya samu kimanin dala miliyan 75 daga Endgame, domin shi yarjejeniyarsa ta ba shi kaso a cikin riba.

Yadda ake karanta alƙaluman

'Yan'uwa, idan kuka ji an ce fim ya samu dala biliyan ɗaya, to abin da aka ƙirga shi ne kuɗin da masu kallo suka miƙa a bakin ƙofa, kafin a cire komai. Masu gidajen silima suna riƙe kusan rabi. A ƙasar Sin abin da ke komawa ga kamfanin Amurka kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne. Sa'an nan a cire kuɗin yin fim, wanda na Endgame ya wuce dala miliyan 350, a kuma cire kuɗin talla, wanda ba a haɗa shi cikin wancan ba, kuma ga manyan finafinai yakan wuce miliyan 100. Shi ya sa masu sana'ar suke cewa sai fim ya ninka abin da aka kashe masa sau biyu zuwa biyu da rabi kafin a fara maganar riba. Fim yana iya tara miliyan 300 ya zama hasara tsagwaronta.

Daɗin daɗawa, dalar bana ba ita ce dalar da ba. Idan aka yi la'akari da tashin farashi, fim ɗin Gone with the Wind na 1939 yana gaba da duk waɗannan sadaukai. Yawan kuɗin da ake shelantawa, wani ɓangarensa tsadar tikiti ne kawai. Kuma ita shelar kanta talla ce: ana gaya wa mutum cewa duniya duka ta kalla, domin ya ji shi kaɗai aka bari a baya.

Akwai kuma kuɗin da ba ya bi ta ƙofar silima sam. A 2011 Sony ya sayar wa Disney kasonsa na cinikin kayayyakin da ke ɗauke da hoton Spider-Man. Daga 2015 kuma Disney ya yarda ma'aikatansa su taya Sony shirya finafinan wannan sadauki, alhali mafi yawan kuɗin tikitin ga Sony yake tafiya. Me ya sa mai wayo zai yi wa wani noma? Domin duk fim ɗin da ya fito talla ne na sa'a biyu ga riguna da jakunkuna da takalma da 'yan tsana, su kuwa nasa ne. Galibin waɗanda ke kasuwanninmu kwaikwayo ne, ko sisinsu ba ya isa ga Disney, amma yaron da ya goya jakar ya riga ya haddace sunan.

Mai biya shi ke da labari

Mu zo ga rabin maganarmu na biyu. Tun asali waɗannan sadaukai suna yaƙar wanda Amurka take yaƙa ne. Bangon fitowar farko ta Captain America, mai ɗauke da kwanan watan Maris 1941, ya nuna shi yana naushin Hitler, tun Amurka ba ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ba. A labarin Iron Man na 1963, a Biyetnam aka kama shi, 'yan gurguzu ne abokan gaba. Da aka zo yin fim a 2008, sai aka mayar da wurin Afganistan, masu kamun suka zama mutane masu rawani da gemu a cikin kogo. An ɗauki wani sashe na fim ɗin a sansanin sojan sama na Edwards da jiragen yaƙi na gaske. Ma'aikatar tsaron Amurka tana da ofishin da ke ba masu fim aron jirage da sansani da sojoji, bisa sharaɗin ta karanta labarin ta yarda da shi. Ta janye hannunta daga The Avengers na 2012 domin ba ta gamsu da yadda aka nuna wata hukumar tsaro ta ƙage wadda ba a san wa take yi wa biyayya ba. A 2019 kuwa rundunar sojan sama ta taimaka wa Captain Marvel, ta kuma rinƙa nuna tallan ɗaukar mata matuƙa jirgin yaƙi a gidajen silima a daidai lokacin fim ɗin. Ba asiri muke tonawa ba, duk wannan a bayyane aka yi shi.

Da kasuwar Sin ta girma, ita ma sai aka fara sauraronta. Iron Man 3 na 2013 an ƙara masa kimanin minti huɗu da 'yan wasan Sin, waɗanda ba a nuna wa kowa ba sai masu kallo a can. A littafin Doctor Strange malamin sadaukin wani tsoho ne mutumin Tibet. A fim ɗin 2016 sai aka mayar da shi Baturiya, kuma ɗaya daga cikin marubutan fim ɗin ya faɗa da bakinsa cewa tsoron ɓata wa Sin rai a kan mas'alar Tibet yana cikin dalilai. In kuka ji cewa Endgame ya kwashi sama da dala miliyan 600 a Sin kaɗai, kun gane dalilin wannan ladabi. Ku gwada wannan da abin da ya faru a ƙasashen Larabawa. Saudiyya da Kuwaiti da Ƙatar ba su nuna Eternals ba a 2021 saboda auren jinsi da ke ciki. A 2022 hukumar Saudiyya ta nemi a cire daƙiƙa 12 kacal daga fim na biyu na Doctor Strange a kan irin wannan dalili, Disney ya ƙi, fim ɗin bai shiga ƙasar ba. A fahimtarmu, an auna hasarar wannan kasuwa da fushin masu kallo na gida Amurka, aka ga wanda ya fi nauyi a sikeli.

Black Panther na 2018 ya cancanci mu ɗan daɗe a kansa, domin shi ne ya fi kusa da mu. Labarin wata ƙasa ce ta ƙage a Afirka mai suna Wakanda, wadda Turawa ba su taɓa mallaka ba, ta kuma fi kowa ilmin ƙere-ƙere. Mai ba da umurnin fim ɗin, Ryan Coogler, baƙar fata ne, haka mafi yawan 'yan wasan, kuma an yi amfani da harshen Xhosa na Afirka ta Kudu. Ya tara sama da dala biliyan 1.3, ya ci lambobin Oscar uku, ya rusa tsohuwar da'awar Holiwud cewa fim ɗin baƙaƙe ba ya ciniki a duniya. Wannan nasara ce ta gaske, ba za mu tauye ta ba, kuma mun fahimci abin da ya sa jikokin bayi a Amurka suka shiga silima da tufafin Afirka suna hawaye. Shi ne ma fim ɗin da aka buɗe gidan silima na farko da shi a Riyad ranar 18 ga Afrilu 2018, bayan kimanin shekara 35 babu silima a Saudiyya. To amma ina muka fito a ciki? A farkon fim ɗin an rubuta sunan dajin Sambisa a kan allo, aka nuna jerin motocin 'yan bindiga ɗauke da matan da aka sato, shekara huɗu bayan sace 'yan matan Chibok. Ɗaya daga cikin 'yan bindigar ya rantse da kalmar wallahi yana barazanar harbe mace. Sadauki ya diro daga sama ya gama da su cikin 'yan mintoci, labari ya wuce, ba a sake waiwayar wurin ba. Musibar da ta cinye garuruwa a Borno ta zama share fagen nishaɗi, kuma wannan ne kaɗai abin da miliyoyin masu kallo suka gani na ƙasarmu a fim ɗin da aka ce na ɗaukaka Afirka ne. Galibin aikin ɗaukarsa kuwa a Atlanta ta Amurka da Busan ta Koriya ta Kudu aka yi, takardar mallakar Wakanda kuma tana hannun Disney.

Bayan ganiya

Duk abin da ya kai ganiya yakan fara gangara. A Nuwamba 2019 Disney ya buɗe tasharsa ta kallo ta intanet, ya buƙaci abin da zai cika ta, sai aka rinƙa zuba wasanni masu dogon zango ban da finafinan silima. Igiyar da ta ɗaure mai kallo ta koma masa kaya: kafin ya gane fim ɗaya sai ya kalli sa'o'i barkatai na waɗansu abubuwa. Ga annobar korona ta koya wa mutane jira a gida, ga Sin ta rufe ƙofa ga finafinan Marvel daga tsakiyar 2019 har zuwa Fabrairu 2023. A 2023 The Marvels ya tashi da kimanin dala miliyan 206, mafi ƙanƙanta a duk jerin, The Flash na kamfanin Warner kuma kimanin miliyan 270, dukkansu hasara. Joker na 2019 ya haye biliyan ɗaya da ɗan ƙaramin jari. Na biyunsa a 2024 da ƙyar ya wuce miliyan 200. Shugaban Disney na lokacin, Bob Iger, ya amsa cewa yawan abin ya rage masa inganci, ya ce za a rage.

Ba mu ce sana'ar ta mutu ba. Spider-Man na Disamba 2021 ya tara kimanin biliyan 1.9 ba tare da an nuna shi a Sin ba, Deadpool & Wolverine na 2024 ya wuce biliyan 1.3. Sai dai ku lura da hajar da aka sayar a cikinsu: dukkansu tsofaffin 'yan wasa aka dawo da su cikin tsofaffin riguna, domin wanda ya kalla yana yaro ya zo ya tuna ƙuruciya. Har Downey, wanda aka kashe sadaukinsa a Endgame, an shelanta a Yuli 2024 cewa zai dawo a matsayin mugu. A 2025 manyan finafinan sadaukai huɗu suka fito, har da sabon Superman, babu wanda ya kai dala miliyan 700. A wannan shekarar kuwa wani fim ɗin zane na Sin mai suna Ne Zha 2, wanda aka ɗauko daga wani littafin almararsu na ƙarni na 16, ya haye biliyan 2, kusan duka daga aljihun Sinawa. Mutanen da aka yi shekaru ana gyara labari domin a sayar musu, sun waiwayi labarinsu na gida, kuma takardar mallakar tana hannunsu.

Ita ma takardar mallaka tana da ajali. A dokar Amurka, littafin da aka buga a wancan zamani ana kare shi shekara 95. Saboda haka a ranar 1 ga Janairu 2034, Superman kamar yadda samarin nan biyu suka zana shi a 1938 zai zama na kowa, Batman kuma ya biyo baya a 2035. Amma sadaukin farkon ne kawai zai fita: na 1938 tsalle yake yi, bai iya tashi sama ba tukuna, kuma duk abin da aka ƙara masa daga baya yana nan a hannun kamfani har nasa wa'adin ya cika. Alamar kasuwanci kuwa, watau sunan da tambarin ƙirjinsa a kan kaya, ba ta da wa'adi muddin ana amfani da ita. Siegel ya mutu a 1996, Shuster ya riga shi a 1992.

A nan za mu dakata domin a samu lokacin tambayoyi.